Taikin Iri da Igiyar Bappa

Shekaranjiya jikana ya dawo daga kasuwar Achida a kan babur. Ya shigo yana latsa waya, ya jefa wata leda a kan tabarmata, ya ce irin geron bana ke nan. Na ɗauki ledar na jujjuya ta, har da hoton zangarniya a jikinta, an liƙe bakinta da wuta. Na ce masa ya ɗauke ta daga ƙasa kafin kaji su gani. Ya yi dariya, ya ce in kaji sun ci, ai kasuwa ba ta ƙaura ba. Gaskiya ya faɗa, kuma gaskiyar ce ta ba ni haushi. Na wuni wani abu ya tokare mini ƙirji, har matata ta tambaye ni ko ciwon nan ne ya motsa. Ba ciwo ba ne. Bappana ne ya faɗo mini a rai, shi da wani taiki na fatar sa, da wata igiyar rama.

Mu mutanen gulbi ne. Ƙauyenmu yana bakin fadama, ƙasa da Wurno, kuma a zamanin da nake faɗa ruwa ne ke yi mana noma. In damina ta yi nisa sai gulbi ya cika ya malalo, ya shiga gonakin shinkafa a hankali, shinkafar tana tashi tana bin sa. Da asuba abin da kake ji shi ne kwaɗi, da ƙarar gora a jikin kwalekwale, da muryar mata masu surfe tun gari bai gama wayewa ba. Yaro yakan koyi iyo kafin ya koyi riƙe fartanya. Kuma akwai wata doka da ba a taɓa zaunar da kowa an karanta masa ba, amma da ita muka tashi: abin da kake so, ɗaga shi sama. Rumbu a kan duwatsu yake. Ƙwaryar nono tana cikin ragaya. Busasshen kifi a rataye, gafakar Alƙur'ani a rataye, har takalmin fata ba ya kwana a ƙasa. Abokan gabanmu su ne ruwa da gara da kura, ga akuyar maƙwabta, kuma a cikinsu babu mai kaiwa ga abin da aka rataye. Ɓera ne kaɗai ya karya dokar, shi kuwa an bar shi da kyanwa. Yaran yanzu a ƙasa suke zubar da komai, a kan siminti, su wuce abinsu.

Bappa yayan mahaifina ne. Ina rarrafe mahaifina ya rasu, mahaifiyata ta yi wani aure nesa, ni kuwa Bappa ya ce ba inda za a kai ni. A hannunsa na girma. Mutum ne dogo, mai kaushin hannu da kaushin magana, ba ya hira sai in da dalili. Abin da ya fi jin daɗi a duniya shi ne tsokanar mutanen tudu. Ƙanwarsa, wadda nake kira Goggo, tana aure a wani ƙauyen tudu gaba da Rara, kuma duk lokacin da mijinta ya kawo ziyara sai Bappa ya sa a dafa shinkafa da kifi, ya zauna yana kallonsa yana ci, yana ce masa ya ci da kyau, wa ya san ranar da zai sake ganin irinta. Mijin Goggo mutum ne mai haƙuri, murmushi kawai yake yi. Shekara da shekaru Bappa ke aika musu da shinkafa, bai taɓa karɓar ko tsabar gero daga hannunsu ba.

Sai aka datse gulbi can sama. Ba zan yi butulci ba, daga baya mun ga amfaninsa, don da ruwan nan na rani na noma albasa da tafarnuwa har na aurar da 'ya'yana. Amma a farkon abin, hanyoyin ban-ruwa ba su iso wajenmu ba, ambaliya kuma ta daina zuwa yadda ta saba. Ruwa ya koma zuwa da izini. Muka shuka shinkafa muka zauna jira, ta tsiro, ta kai gwiwa, ta ƙone a tsaye. Wata shekarar ma haka. Rumbu ya yi ƙasa har mata na shiga ciki da tsintsiya. A lokacin gemu ya fara fito mini, na yi aure, matata tana da cikin fari, ga iyalin Bappa. Muna da wata tsohuwar gonar tudu da aka bar wa sabara, muka share ta, amma ba mu da irin da za mu zuba mata. Geron kasuwa na ci ne, tarkace ne, wani ya shekara biyu a buhu, ka shuka ka yi ta jiran abin da ba zai fito ba. Maƙwabta kuwa halinmu ɗaya. Kowa ya san inda iri mai kyau yake, kuma kowa ya san abin da ya hana Bappa zuwa. Ya yi ta kwana yana tashi da maganar a cikinsa, har hadari ya fara leƙowa daga gabas da yamma. Barin kashi a ciki dai ba ya maganin yunwa. Wata safiya ya ce in ɗaura wa jaki akumari.

Goggo ba ta bari ya buɗe baki ba. Da ta ga taiki babu komai a ciki, ta gane. Ta shiga rumbunta ta sauko da zangarniyoyin da suka zaɓa tun kaka suka ware don shuka, manya masu cikar ido, ta raba su biyu daidai a gabanmu. Ita da kanta ta sussuke, ta sheƙe, ta gauraya tsabar da toka don ƙwari, ta ɗura a taiki. Mijinta ya kama mata bakin taikin, bai ce uffan ba, kuma na ga shirun nan ya fi yi wa Bappa ciwo a kan a ce ya rama tsokanar. Da za mu tashi, Goggo ta biyo mu har bakin zaure.

Ta ce, "Yaya, in kun yada zango gindin dutsi, kada ka rataye shi bisa icce. Ka tona rami ka sa shi, ka danne da dutsi babba. Dutsin ga na da masu shi."

Bappa ya ja tsaki. Ya ce, "Ke za ki koya mani ajiya? Ni da nika raba hatsi da ambaliya tun ba ki san hannunki na dama ba?"

Ta ce, "Ni dai na hwaɗi. Allah shi kai ku lahiya."

Sai da muka bar gari, muka shiga gonaki, sannan ya yi magana, bai ko dube ni ba. Ya ce, "Ƙohwag ga na shige ta da roƙo sau guda. Ba ni ƙarawa, ko mi za a yi."

Saboda hadarin da ke haɗuwa, Bappa ya ce mu yanke ta daji, kada ruwan shuka ya sauka muna hanya. Bazara ce, irin wadda iska ma zafi take busawa. Mun dogara da wata rijiya da makiyaya ke shayarwa a tsakiyar dajin, muka isa muka tarar da ita ƙaf, sai yashi da gawar ƙadangare a ciki. Gorunanmu kuwa tun hantsi suka ƙare. Muka ci gaba, jaki na tafiya yana sunkuyar da kai, ni kuma harshena ya yi nauyi har ba na son haɗiyar yawu. Rana ta take sosai lokacin da muka iso gindin wani dutse, irin jajayen duwatsun nan masu shimfiɗaɗɗen kai da ke tashi su kaɗai a tsakiyar fili. Bappa ya tsaya ya daɗe yana dubansa. Ya ce ya san shi. Lokacin da suka rako Goggo gidan miji, wani Bafillace ya hau da su, ya nuna musu wata tsaga a kafaɗar dutsen, mai zurfi, inda ruwan damina ke kwanciya rana ba ta kai masa.

Na ce ya zauna da kaya, ni in hau. Ya ce ko na wuni ina nema ba zan ga bakin tsagar ba, kuma ba a shiga sai da igiya da mai riƙewa. Shi ya san wurin amma ba zai iya sauka ciki ba, ni zan iya sauka amma ban san wurin ba. Taikin kuwa ya fi ƙarfin a hau da shi, don hawan na hannu da ƙafa ne. Dole mu bar shi, shi da tabarma da bargo da tukunya da 'yar jakar ƙuli-ƙuli. Na tuna masa maganar Goggo. Ya buga ƙasa da ƙotar gatari, ta yi ƙara kamar an bugi turmi, tsakuwa ce da marmara, ba mu da fartanya, ƙishirwa kuma ta cinye mana ƙarfi. Ya nuna mini hanyar gara a jikin wani kututture. Ya nuna mini farin kashin kura a gefen wani rami. Ya ce taikin fata ne, in kura ta ji ƙanshinsa ko an binne shi sai ta tono. Maganarsa ta shige ni, don ni ma ɗan gulbi ne, kuma kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Akwai wani babban itacen marke da ya jingina da wani ƙaton dutse. Na hau, Bappa ya miƙo, muka rataye taikin a reshe mai nisa da ƙasa, inda ko kura ta yi tsalle ba za ta taɓa shi ba. Muka sare ƙaya muka kewaye gindin itacen da ita. Muka yi wa jaki dabaibayi a inuwa. Bappa ya ja baya ya dubi aikinmu, ya gyaɗa kai, ya ce ko a gida sai haka.

Muna cikin hawa na fara lura da wani abu. Duwatsu ƙanana da matsakaita duk an birkice su, cikinsu mai duhu yana kallon sama, kamar wani ya bi yana neman abin da ya ɓace masa. Na nuna wa Bappa, ya ce ƙila maharba ne. Yau na san bika ne ke yin haka, manyan biran nan masu baki irin na kare, suna neman kunama da ƙwari a ƙarƙashin dutse. A lokacin ban taɓa ganin bika ba, shi ma Bappa labari kawai yake ji. Wurin ya yi shiru, ko tsuntsu ba ya kuka. Can daga wani gefe muka ji haushi guda, mai kauri, ya tsaya. Bappa ya ce karen Fulani ne, amma na ga ya waiwaya ƙasa ya dubi marken kafin ya ci gaba.

Tsagar tana dab da gefen dutsen, bakinta bai fi faɗin ƙofar ɗaki ba, kuma daga nan kana hango fili duka, har marken da muka baro, da jakinmu ɗan ƙarami a ƙarƙashinsa. Babu itace ko ɗaya a wurin, babu wani tsini da za a ɗaura igiya, sai fako mai santsi. Bappa ya kwance rawaninsa ya ƙulla da igiyar kaya don ta ƙara tsawo, ya ɗaura mini a ƙugu. Ya zauna, ya tokare dugadugansa da wani ɗan tudun marmara, ya zagaya igiyar ta bayansa, ya naɗe ta a hannu. Yadda ya zauna, fuskarsa tana kallon fili. Na rataya goruna, na yi bisimilla, na sauka.

Har gobe ina jin warin wurin, warin kashin jemage da sanyin ruwan da ya daɗe a kwance. Bangon marmara ne, ka taka ya marmashe, ka ji tsakuwa ta faɗa ruwa can ƙasa bayan ɗan jinkiri. Da na kai kusa da ruwan babu wurin tsayawa, sai wani ɗan leɓe mai gangara da bai ɗauki tafin ƙafa duka ba. Na kafa yatsun ƙafa a kai, sauran nauyina yana kan igiya. Ruwan baƙi ne wuluk, ba a ganin ƙarshensa. Ni da na tashi a gulbi ban taɓa jin tsoron ruwa ba sai ranar, don wanda ya faɗa nan ko ya iya iyo ba shi da gaɓar da zai fita. Na ture gansakuka da hannu, na sha, na sha, har cikina ya yi ƙara. Sannan na nutsa gora ta fari, tana ɓul-ɓul a hankali, don bakinta ƙarami ne.

A nan na ji kukan jaki. Ba irin kukan da yake yi don jin daɗi ba, wannan a sarƙe yake, yana yankewa. Sai haushi, ba guda ba, da yawa, da wani tsuwa mai kaifi kamar na yara masu faɗa. Igiyar da ke ƙuguna ta yi rawa.

Na ɗaga kai na ce, "Bappa, mi na na?"

Muryarsa ta sauko a natse. Ya ce, "Ba komi. Jakin ga na da kukan banza. Cika gorunanka."

"Na ji haushi, Bappa."

"Na ce maka karnukan Hillani na. Kula da ƙahwakka."

Na nutsa gora ta biyu. Hayaniyar tana ƙaruwa. Sai Bappa ya yi abin da bai taɓa yi ba tun da nake da shi, ya soma yi mini hira. Ya tambaye ni ko ruwan da sanyi. Ya tambaye ni ko matata ta daina amai da safe, shi da ko sunanta ba ya kamawa saboda kunya. Ya ce in Allah ya sauke ta lafiya aka sami namiji, wane suna zan sa masa. Na ce nasa. Ya ce, "A'a. Sunan ubanka za ka sa mai." Wallahi wannan hirar ta fi haushin ba ni tsoro. Na san akwai abin da idonsa ke gani wanda bakinsa ya ƙi faɗa.

Na ce, "Bappa, ja ni, na hito."

Ya ce, "Ka hito, amma sannu. Taka ka gwada kahin ka aza nauyi. Ba mu da gaugawa."

Na fara hawa, gorunan cike suna bugun bayana. Duk da maganarsa sauri nake yi, kuma saurin ne ya ja mini. Na kai rabi, na taka wani wuri ban gwada ba, ya ɓalle gaba ɗaya. Ƙafafuna suka bar bango. Na ji igiya ta zame, tana gudu, ina yin ƙasa, sai ta tsaya cak har ƙuguna ya yi kamar zai rabu biyu. Na yi lilo na bugi bango da kafaɗa. Daga sama ban ji ihu ba, ban ji salati ba, sai wani nishi guda mai nauyi. Bayan ɗan lokaci ya ce, "Nemi wurin ƙahwa. Ina riƙe." Haka ya yi ta ja, ina takawa, har na kama bakin tsagar na fito da rarrafe.

Bai dube ni ba. Idonsa yana kan fili, gumi na zuba daga gemunsa. Na bi inda yake kallo. Marken nan ya cika da bika, suna hawa suna sauka. Ƙayar da muka sha wahalar sarewa tana nan yadda muka bar ta, ba su ko kula ta ba, ta kan ƙaton dutsen suka bi suka taka reshe kamar an yi musu gada. Taikin yana ƙasa a farke. Toka na tashi fari duk lokacin da suka ja shi, sun kewaye shi suna ɗiba da hannu biyu suna cusawa a baki. Wani ya yafa bargonmu yana gudu da shi. Jaki ya faɗi da dabaibayinsa yana ƙoƙarin tashi.

Na kurma ihu na zabura zan gangara da gudu. Bappa ya cafke mini idon sawu. Ya ce, "Sannu nic ce. Dutsin bai canza ba."

Saukar nan ita ce tafiya mafi tsawo da na yi a rayuwata. Kana gani ana cin abincin shekararka, kana bin dutse da gindi, taki ɗaya bayan ɗaya. Da muka iso ina jifa ina zagi, ba su gudu ba, ja da baya kawai suka yi. Babbansu ya hau kan dutsen ya zauna, kumatunsa cike, yana kallonmu yana tauna, ya yi hamma ya nuna mana haƙora. Sai da ya ga dama sannan ya juya, sauran suka bi shi. Muka durƙusa a cikin tsakuwa. Abin da ba su ci ba sun watsar, tururuwa har ta ja layi tana kwasa. Muka yi ta tsinta, tsaba da toka da yashi, muna zubawa a hular Bappa. Duk abin da muka haɗa bai cika hular ba.

A nan baƙin ciki ya rufe mini ido, na yi wa Bappa maganar da ban taɓa yi masa ba. Na ce, "Tun hwarko kana kallo! Tun suna bisa dutsi ba su kai ga icce ba, kana kallo! Don mi ba ka kira ni ba? Da na hito da gudu, da mun ishe rabi!"

Ya ce, "Shi ya sa ban kira ba."

"To ka yi masu ihu mana, ko sun ji tsoro!"

"In niy yi ihu, kai ka hwara ji, ba su ba."

Na ce, "To yanzu mi za mu shuka? Mi za mu ce ma mutanen gida?"

Ya daɗe yana kallon hular. Sannan ya ɗago, ya dube ni sosai, irin kallon da bai saba yi mini ba. Ya ce, "Gero ana komawa a roƙo. Kai in nis sake ka, ƙohwaw wa za ni in roƙo wani? Ƙanena kai ɗai yab bar mani."

Sai a lokacin na lura hular ta yi ja a inda yake riƙe da ita. Na kama hannunsa na buɗe. Igiyar ta yanke tafin duka biyu, fata ta tuɓe, tsakuwa da toka sun shiga cikin naman, kuma da hannun nan yake ta tsintar gero ban sani ba. Na zuba masa ruwan gora, ina zubawa ina kuka, ƙato da ni. Ya ce in daina ɓarnar ruwa, in ba jaki. Muka ta da jakin, muka shayar da shi, muka ɗaura abin da ya saura. Na kama hanyar gida. Bappa ya ce ba nan ba. Ya juya kan jakin da gwiwar hannu, don yatsunsa ba sa rufuwa, ya fuskantar da shi inda muka fito.

Goggo tana tankaɗe a tsakar gida muka yi sallama. Ta dubi farkakken taiki, ta dube mu. Na jira in ji ta ce wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba, don ta cancanci ta faɗa. Ba ta faɗa ba. Idonta ya sauka a kan hannayen yayanta, ta ajiye rariya, ta shiga ɗaki ta fito da man shanu. Bappa bai bari ta fara shafawa ba sai da ya juya wajen mijinta, ya durƙusa, dattijo da shi, a gaban mutumin da ya shekara yana yi wa dariya. Ya ce, "Malam, na dawo roƙo." Mijin Goggo ya yi maza ya ɗaga shi, ya ce subhanallahi, ai gida ɗaya ne. Suka sake raba rabin da ya rage musu biyu. Maƙwabtansu da suka ji labari, wannan ya kawo tafi, wancan ya kawo ƙoƙo. A shekarar gonarmu da ta Goggo duka shuka ta yi faɗi, rami nesa da rami, ba wanda ya ƙoshi sosai a gidajen biyu, amma ba wanda ya yi ƙaura. Ni na yi saran shuka, Bappa yana bina yana zuba iri da 'yan yatsu, yana rufewa da diddige. Bai sake tsokanar mutumin tudu ba har ya koma ga Allah. Ni na yi masa wanka, kuma da na buɗe tafinsa layin igiyar yana nan fari, daga gefe zuwa gefe.

Yau dajin nan ba ya shiguwa. Bika sun daɗe da ƙarewa, waɗanda suka gaje su ba taiki suke nema ba, kuma ba a ɓoye musu kaya da dutse ko da reshe. An ce marken ma an sare shi an yi gawayi. Hanyar da muka yi da jaki, yara na yin ta a kan babur kafin shayi ya huce, in hanya ta yi lafiya.

Da la'asar ta yi shekaranjiyar, ledar tana nan a kan tabarma inda aka jefa ta. Na tashi da kaina, na sa ta a cikin tsohuwar tukunya, na rufe da kasko, na mirgino dutsen niƙan da aka daina amfani da shi na danne. Jikana ya fito ya gan ni ina haki, ya ce, "Kaka, wa za shi ɗauka? Biri ka zuwa cikin gari?" Yana ta dariya. Na dube shi, ɗan wancan yaron da aka zaɓa wa suna ina rataye a cikin rami. Dogo ne, da kafaɗu irin na gidanmu. Na ce ya matso. Ya matso yana tsammanin faɗa zan yi. Na kama hannunsa na buɗe tafin, sumul, ko kanta babu. Na riƙe shi na daɗe ban saki ba, har ya daina dariya.